Kundin aikin gyara suyar kaza a shagonmu

12 ga Janairu, 2025

Shagona ƙarami ne a cikin Kano. Soyayyar kaza da dankalin turawa muke sayarwa, sai soyayyar shinkafa da lemon kwalba. Yara biyu na wajen suya, biyu na kanta. Abin da na sa a gaba bana shi ne in rage cutarwar da abincinmu ke yi wa jikin masu ci, ba tare da na rufe shago ba. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, ko wani mai sana'a irin tawa zai tsinci abin amfani.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta daɗe tana yi mini magana. Ta ce a ɗakin da take aiki yanzu, a kawo ɗan shekara talatin da 'yan kai jininsa ya hau sosai ba ya ba kowa mamaki. "Yaya, ni ban ce ka daina sayar da kaza ba. Kaza ba ta da laifi. Ka dubi man da kake soya ta, ka dubi gishirin, ka dubi abin da ake korawa da shi."

Ta nuna mini bincike biyu, kuma a kansu na ɗora aikin. Na farko mujallar likitoci ta BMJ ce ta buga shi a 2019. An bi rayuwar mata 106,966 a Amurka, 'yan shekara 50 zuwa 79, tun daga shekarun 1990 har zuwa 2017. Waɗanda ke cin soyayyar kaza aƙalla sau ɗaya a mako, haɗarin mutuwarsu a tsawon binciken ya ɗara na waɗanda ba sa ci da kashi 13 cikin ɗari, na mutuwa ta ciwon zuciya kuwa da kashi 12. Na biyu a Sifaniya aka yi shi, aka buga a 2012, a kan manya 40,757 da aka bi har shekara 11. Su can ba a ga alaƙa tsakanin cin soye-soye da ciwon zuciya ba. Mutanen Sifaniya da man zaitun ko na furen rana suke suya, galibi a gida. Masu binciken da kansu sun ja kunne cewa kada a ɗauki sakamakonsu a ɗora wa wuraren da ake suya da daskararren kitse ko man da aka sha maimaitawa.

Wato yadda ake suyar da yawan cinta su ne maganar. Yawan ci yana hannun mai saye. Tukunya kuwa a hannuna take.

19 ga Janairu

Da mai na fara, domin nan ne kuɗi yake, nan ne kuma cutar ta fi ɓuya.

Duk wanda ya yi aikin suya ya san al'adar sana'ar nan: ba a zubar da mai, ƙari ake yi. Ya ragu a tukunya, a buɗe jarka a ƙara sabo a kan tsoho, gobe ma haka. Sabon mai garau yake, kana hango gindin tukunya. Bayan ya sha suya sai ya yi duhu, ya yi kauri, ya riƙa kumfa idan an jefa kaza, ya fara hayaƙi tun bai yi zafin kirki ba. A bakin tukunya za ka ga wani abu mai danƙo kamar ƙaro, wanda soso da sabulu ba sa fitar da shi sai an kankare. Ɓurɓushin fulawa da ya ƙone yana kwance a ƙasa, baƙi ƙirin.

Abin da ke faruwa shi ne zafi da iska da ruwan da ke fita daga jikin kaza suna farfasa man, yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai masu cutar da jijiyoyin jini. A ƙasashe irin su Jamus da Faransa da Sifaniya akwai ƙa'ida: idan lalataccen ɓangaren mai ya kai kashi 24 ko 25 cikin ɗari, dole a zubar. Suna da na'urar da ake tsomawa ta faɗa. Mu ido da hanci ne ma'auninmu. Wani abu kuma, tsohon mai ya fi shiga cikin kaza. Mai saye yana biyan kuɗin nama, yana tafiya da mai, kuma mafi munin mai.

Dokokin da na kafa daga yau: a tace mai kowane dare da rariya da tsumma mai tsabta, a rufe shi. Kada a barbaɗa gishiri a saman tukunya, domin gishiri na saurin lalata mai. Tukunyar dankali daban, ta kaza daban. Man da ya fara kumfa ko ya yi duhu a sauke shi gaba ɗaya, babu ƙari. Babban yarona ya dube ni ya ce, "Maigida, ka san kuɗin jarka yanzu kuwa?" Na sani. Jarka mai lita 25 ita ce ta biyu a tsada bayan kajin kansu.

26 ga Janairu

Na samo ma'aunin zafi mai dogon tsinke. Zafin da ake so wajen suya tsakanin digiri 170 ne da 180 a ma'aunin Salshiyas. Da magariba idan layi ya yi tsawo, yara na buɗe gas har ƙarshe, man ya haura 200 yana hayaƙi. Sai su juye kaji masu sanyi da yawa lokaci guda, zafin ya faɗo ƙasa da 150. Na farkon yana ƙona mai, na biyun yana sa kaza ta sha mai ta yi lagwas. Yanzu kaɗan-kaɗan ake zubawa, kuma sai an tsane ruwan jikin kaza. Tsinken nan dai muke soka wa cinya kusa da ƙashi. Idan bai kai 74 ba, ba ta nuna ba, ko da bayanta ya yi ja.

9 ga Fabrairu

Wata matsala ta taso da ban yi tsammani ba. Tunda muka fara sauke mai da wuri, labari ya bazu. Mata masu suyar awara da ƙosai a bakin makarantu sun fara aiko yara da galan, suna neman a sayar musu da rahusa. A idonsu man da sauransa, kuma gaskiya ya fi wanda wasunsu ke amfani da shi haske. Kuɗin da zan samu zai toshe wani ɓangare na asarar.

Na kwana ina juya maganar. Idan na sayar, ban rage cutar ba, matsar da ita na yi daga farantin mai hali zuwa hannun ɗan firamare mai naira ɗari. Can ma za a ƙara soya shi sau da yawa a kasko buɗe, a kan itace, babu ma'auni. Wata dattijuwa ta zo da kanta. Ta ce, "Ɗan nan, marayu nake riƙo da wannan suyar. Man kanti ya fi ƙarfina." Na ce, "Baba, na san halin da ake ciki. Amma man nan na cire shi ne don bai dace a ci ba. Idan bai dace da wanda ya shigo shagona ba, bai dace da jikokinki ba." Ba ta ji daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba. Talauci ne ke sa a soya abinci da man da ya mutu, wa'azi ba ya sauke farashin jarka.

Mafitar da na samu: wata ƙungiyar mata masu haɗa sabulun wanki za su riƙa ɗauka. Kafin ya bar shago muna zuba masa ɗan ruwan soda na sabulu, yadda ba zai koma kasko ba ko da ya sauya hannu a hanya. Ita kuma dattijuwar, muka yi da ita cewa idan na sayo jarka a Kasuwar Singa za ta riƙa ɗiban sabo a kan farashin sari, ta biya a ƙarshen mako.

23 ga Fabrairu

Gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗa da duk wanda ke ɓoye cikin abinci. Na sa sikeli na auna abin da muke zubawa. Akwai gishiri a ruwan da ake jiƙa kaza, akwai a fulawar da ake mulmula ta, akwai a yaji, akwai a kan dankali, ga kuma dunƙulen ɗanɗano a uku daga cikin waɗannan wuraren. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Da muka raba lissafin a kan faranti, cinya biyu da dankali da yaji sun cinye fiye da rabin kason mutum na yini guda, bai ci miyar gida ba, bai ci burodin safe ba.

Gishiri na riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara matsa wa jijiyoyi. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum na yawo lafiya lau har ranar da ɓarin jiki zai shanye ko ƙoda ta gaza.

Ƙanwata ta ce kada in zare lokaci guda, harshe na sabawa a hankali cikin 'yan makonni. Mun cire dunƙule daga fulawa gaba ɗaya, mun rage na ruwan jiƙo, mun ƙara citta da tafarnuwa da masoro da kimba da ruwan lemon tsami. Dankali yanzu babu gishiri yake fita, mai so ya barbaɗa da hannunsa. Yaji ne ban taɓa ba tukuna. A Kano a taɓa wa mutum yajinsa sai an shirya.

9 ga Maris

Azumi. Ciniki ya koma bayan isha'i. Cikin da ya wuni babu komai, a tura masa maiƙo da lemo mai sanyi, ƙwannafi ne da kumburi da nauyin jiki a tarawi. Abinci mai maiƙo na daɗewa a ciki, kuma wanda ya ci gishiri da yawa da dare shi ke fara jin ƙishirwa kafin azahar. Mun sa farfesun kaza a tukunya don masu buɗa-baki, an cire fata, an kwashe man da ya taso sama. Yana ƙarewa kafin soyayyar.

22 ga Maris

Maƙerin unguwarmu ya gama haɗa mana wajen gashi. Wannan shi ne babban sauyin da na fi sa wa rai.

Ga lissafin da ya sa na dage. Giram 100 na tsokar ƙirjin kaza gasasshiya, babu fata, kalori wajen 165 ne, kitse bai kai giram 4 ba. Wannan tsokar dai da fatarta, a tsoma a kwaɓin fulawa a soya, kalori wajen 260, kitse giram 13. Kaza ɗaya ce, fata da fulawa da mai ne suka ninka kitsen fiye da sau uku. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kaɗai kalori wajen 120 ne, kuma fulawar nan aikinta shan mai.

Sai dai gashi ma yana da nasa. Naman da ya ƙone ya yi baƙi, da hayaƙin da ke tashi idan kitse ya ɗiga a kan garwashi, suna haifar da sinadaran da masana ke dangantawa da ciwon daji. Shi ya sa na sa maƙeri ya ɗaga ragar sama, garwashi a gefe, faranti a ƙasa yana tarar kitse. Ana jiƙa kaza da lemon tsami da kayan ƙamshi tun safe, ana juyawa akai-akai, duk inda ya ƙone a yanke. Dankali ma haka, yanzu muna jiƙa shi a ruwa bayan an yanka, mu tsame shi daga mai yana ruwan zinare kafin ya yi duhu. Tun 2002 masana a Suwidin suka gano cewa dankalin da ya soyu ya yi duhu na ɗauke da wani sinadari da ake zargi da irin wannan illa.

Wani Alhaji da ke saya wa iyalinsa duk Juma'a ya ɗanɗana gasasshiyar a tsaye. Ya ce, "Ta yi daɗi, amma yara ƙurus-ƙurus ɗin nan suke so." Na ce, "Alhaji, a yi rabi da rabi, ka ga wadda za ta fara ƙarewa." Ya yarda.

6 ga Afrilu

Sallah ta wuce, mun sha aiki. Yara da kuɗin barka da Sallah sun cika shago, kowa kaza da dankali da lemo. Abin da na tsaya ina kallo shi ne kwalaben. Robar lemo mai santilita 50 tana da sukari wajen giram 53, kusan cokalin shayi 13. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babba wajen giram 50 ne a yini. Yaro ɗan shekara tara ya shanye ta a zama ɗaya, gishirin kaza na ƙara masa ƙishi, ya nemi ta biyu. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka tun 2022, amma naira 10 ba ta hana kowa sha.

A da farashin faranti ya haɗa da lemo, ko ka so ko ba ka so. Daga wannan makon da ruwa yake zuwa. Lemo na nan a firji, mai so ya saya daban. Matata na haɗa zoɓo da citta da abarba, sukari kaɗan. Ribar lemo tana da daɗi, ba a soya shi, ba ya lalacewa, kuma na san za ta ragu.

27 ga Afrilu

Na zauna karanta takardun jikin kayan da muke saye. Akwai wani nau'in kitse da ake samu idan masana'anta ta daskarar da man tsirrai don ya daɗe bai lalace ba. Shi ne mafi muni ga zuciya, yana ƙara mugun kwalastaral, yana rage mai kyau. Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003. KFC, babban kamfanin sayar da soyayyar kaza, ta daina suya da mai irinsa a Amurka a 2007. A nan gida NAFDAC na da ƙa'idar 2022 da ta ce kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai ko kitse. Dokar ta yi kyau, amma tana aiki ne a kan abin da ke da suna da lamba. Man da ake aunawa a kwalba daga duro, da bota ta awo da ake yankowa a leda, babu mai iya gaya maka abin da ke cikinsu. Mun daina sa irin wannan botar a soyayyar shinkafa, kuma ba na sayen jarkar da ba ta da lambar NAFDAC da hatimi.

Yawancin man jarka na kwakwar manja ne da aka tace, yana jure wuta amma kusan rabinsa kitse ne mai nauyi. Man gyaɗa na asali, irin na mata masu ƙuli-ƙuli, ya fi sauƙi ga zuciya, ya kuma fi ƙamshi. Tsadarsa ce ta hana ni cika tukunya da shi. Wajen gashi dai shi muke shafawa.

18 ga Mayu

Zafi ya kai inda ya kai, wuta kuma sai a hankali. Firiza ta narke ta sake daskarewa, kaza ta zama haɗari tun ba a kai ga maganar zuciya ba. Ɗanyar kaza na ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da amai da zazzaɓi. Na rage yawan abin da muke ajiyewa, kullum da safe ake kawo na yini. Katako da wuƙar kaza daban, na kabeji da karas daban. Dafaffiyar kaza ba ta wuce awa biyu a waje, a irin wannan zafin awa ɗaya. Haɗin kabeji ma mun daina kwaɓa shi da yawa, mun rage bama, mun ƙara kokwamba da lemon tsami.

15 ga Yuni

Bayan Babbar Sallah kasuwa ta yi sanyi, kowa na da nama a gida. Na samu sarari na yi lissafi. Kuɗin mai ya ƙaru sosai, ribar lemo ta ragu, gashi ya cike wani ɓangare domin ba ya cin mai. A dunƙule ina samun ƙasa da na bara, amma shago na riƙe kansa, albashin yara na fita a kan lokaci. Wasu sun daina zuwa, sun ce kazarmu ta rage ɗanɗano. Wasu sababbi sun zo, yawanci mata masu saya wa iyaye da mazan da likita ya kafa wa doka.

Yaran shago su ne suka fi kowa cin wannan abinci. Fata, ɓurɓushi, fiffiken da ya karye, guntun dankali, safe da yamma. Ƙanwata ta zo da na'urar awo ta gwada mu duka. Ɗaya daga cikin masu suya, saurayi ne da bai yi aure ba, jininsa ya haura 140 bisa 90. Ta sake gwadawa wata rana, haka dai. Ta tura shi asibiti. Ba zan ce kaza ce kaɗai ta jawo ba, mahaifinsa ma yana fama da shi. Amma daga yau abincin rana na yara daga gida ake kawowa, wake da shinkafa ko tuwo da miyar ganye, soyayya kuwa ranar Juma'a kawai.

6 ga Yuli

Saura maganar masu zuwa kullum. Akwai ɗalibai da ma'aikatan banki da direbobin adaidaita sahu da na san fuskarsu fiye da ta wasu 'yan uwana. Wani nazari da mujallar Heart ta buga a 2021, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna masu cin soye-soye da yawa sun fi masu ci kaɗan haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kashi 28 cikin ɗari, gazawar zuciya da kashi 37, kuma haɗarin na hawa da kowane ƙarin giram 114 a mako. Komai tsabtar maina, wanda ke cin soyayya kwana bakwai a mako yana cikin wannan lissafin.

Jiya na gwada da wani ɗalibi. Na ce, "Ƙanina, yau a ba ka gasasshiya da kabeji, kuɗin ɗaya ne." Ya ce, "Oga, korata kake yi?" Na ce, "So nake ka daɗe kana zuwa." Ya yi dariya ya karɓa. Na gaya wa yaran kanta su riƙa fara ambaton gasasshiya idan mutum ya tambayi abin da ake da shi, na kuma sa farashinta ƙasa da na soyayya kaɗan.

Abubuwa biyu ke gaba. Na ba wani abokina da ke zuwa Legas saƙon ya tambayo mini kuɗin na'urar gwada mai, ko mu haɗa kuɗi da masu shaguna uku na layinmu mu saya tare. Sai yaji: matata ta haɗa wani sabo da rabin dunƙulen da muka saba sawa, ta ƙara ƙuli-ƙuli da citta. Ranar Laraba za mu fara ba masu saye ba tare da mun sanar ba, mu ga ko wani zai yi magana.